Filin Tambaya da Amsa: Bashir Tofa, daga harkar kasuwa zuwa takarar 12 ga Yuni

Yawancin wasiƙun da suka taru mana a wannan karon a kan mutum ɗaya suke, marigayi Alhaji Bashir Usman Tofa, ɗan kasuwar Kano da ya tsaya wa jam'iyyar NRC takarar shugaban ƙasa a zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda gwamnatin soja ta soke, inda ya kara da Alhaji M.K.O. Abiola na jam'iyyar SDP. Waɗanda suka yi kama da juna mun haɗe su wuri guda.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Katsina, an haife ni bayan 1993. Duk inda aka ambaci Tofa sai a ce "wanda ya kara da Abiola". Kafin nan shi wane ne, kuma ta wace ƙofa ya shiga siyasa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An haifi Bashir Tofa a Kano ranar 20 ga Yuni, 1947. Ya fara firamare a Shahuci, ya yi sakandaren lardi ta Kano daga 1962 zuwa 1966, ya ɗan yi aiki a kamfanin inshora na Royal Exchange, sannan ya tafi Landan karatu daga 1970 zuwa 1973. Da ya dawo sai ya kama kasuwanci. Kamfanonin da aka fi danganta shi da su su ne Abba Othman and Sons da kamfanin harkar makamashi na IPEC, waɗanda ya shugabanta, ya kuma zauna a kwamitin daraktocin wasu, ciki har da bankin Century Merchant.

Lokacin da ya dawo gida yana da muhimmanci. A 1972 gwamnatin Gowon ta yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, a 1977 kuma aka tsaurara ta: wasu sana'o'in 'yan Najeriya kaɗai za su yi, wasu dole 'yan ƙasa su riƙe kashi 60 cikin ɗari, wasu kashi 40. Kamfanonin Turawa da na Kwara, wato 'yan Labanan, suka shiga neman 'yan ƙasa masu ilimin boko da za su sayi hannun jari su hau kujerar darakta. Kano na da attajirai tun zamanin fatauci da dalar gyaɗa, irin su gidan Alhassan Ɗantata, amma wannan sabon rukuni ne na matasa masu iya karanta takardar banki da yarjejeniyar kamfani. A cikin wannan tsara Tofa ya taso.

Ƙofar siyasarsa kuwa ƙarama ce. A 1976 aka yi garambawul ga ƙananan hukumomi a duk ƙasar, shi kuma ya zama kansila a Dawakin Tofa. Kada ka raina kujerar. A 1977 majalisun ƙananan hukumomin ne suka zaɓi mafi yawan wakilan majalisar da ta tattauna tsarin mulkin 1979, wadda Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta. Ta nan Tofa ya samu shiga majalisar yana ɗan shekara 30, ya zauna da manya irin su Alhaji Shehu Shagari. A gefen zaman wannan majalisa aka ƙulla ƙawancen da ya zama NPN a 1978. Tofa ya yi sakataren jam'iyyar a Jihar Kano, daga baya ya zama sakataren kuɗinta na ƙasa. Wannan muƙami shi ne ya haɗa shi da shugabannin jam'iyya da masu ba ta kuɗi a kowace jiha, sanayyar da ta yi masa rana shekaru goma bayan haka.

Ina ganin ana kiran NPN da NRC jam'iyyun "masu ra'ayin riƙau". A siyasar Najeriya me wannan yake nufi? Daga wata malamar makaranta a Damagaram.

Malama, a Arewacin Najeriya asalin rabuwar tun shekarun 1950 ne. NPC ta Sardauna ta tsaya kan a riƙe sarauta da hukumar En'e, a kawo gyara sannu a hankali. NEPU ta Malam Aminu Kano ta ce talaka ake dannewa, a sauya tsarin daga tushe. A jamhuriya ta biyu NPN mai gida da masara ta gaji layin farko, PRP mai mabuɗi ta gaji na biyu. Mai ra'ayin riƙau a nan shi ne wanda yake girmama sarauta da malamai, yake son ɗan kasuwa ya samu sarari ba tare da gwamnati ta mamaye komai ba, yake kuma neman mulki ta hanyar ƙawance da manyan kowane yanki.

NRC kuwa ba 'yan siyasa ne suka haife ta ba. A Oktoban 1989 Janar Babangida ya ƙi yi wa ko ɗaya rajista daga cikin ƙungiyoyi 13 da suka nema, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa: SDP mai doki, wadda ya ce ta ɗan karkata hagu, da NRC mai mikiya, wadda ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi, ta ba su kuɗin tafiyarwa. Dukkansu sun amince da shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Don haka bambancin da ke kan takarda kaɗan ne. Bambancin gaske yana ga mutanen da suka shiga: tsofaffin 'yan NPN suka fi tururuwa NRC, mutanen Awolowo da na PRP da rukunin Shehu Musa 'Yar'aduwa suka tafi SDP. Tofa ya fito ne daga ƙungiyar Liberal Convention, ɗaya daga cikin waɗanda aka hana rajista, ya shiga NRC a 1990.

Ga Adamu Ciroma, ga Umaru Shinkafi, duk a NRC. Yaya aka yi Tofa, wanda bai taɓa yin gwamna ko minista ba, ya ɗauke tikitin? Daga wani tsohon ma'aikaci a Gusau.

Ranka ya daɗe, amsar a taƙaice ita ce ba su kara ba. An fitar da su daga fili kafin a busa usur.

A watannin Agusta da Satumba na 1992 jam'iyyun biyu sun yi zaɓen fid da gwani, jiha-jiha, rukuni-rukuni. A SDP 'Yar'aduwa ne a gaba, a NRC kuma Ciroma da Shinkafi suka yi kankankan. Ƙorafin maguɗi da sayen ƙuri'a ya yi yawa, waɗanda suka sha kaye suka kai kuka. Sai gwamnatin soja ta soke zaɓen ɗungurungum, ta haramta wa duk masu neman su 23 sake tsayawa, ta rushe shugabannin jam'iyyun ta naɗa na riƙo, ta kuma ɗage ranar miƙa mulki daga Janairu zuwa 27 ga Agusta, 1993. A dare ɗaya aka kwashe duk wanda ya yi shekaru yana gina mutane a faɗin ƙasar.

Daga nan hukumar zaɓe ta NEC, ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu, ta kawo tsarin da ake kira Option A4, wanda mutanenmu suka fi sani da ƙato bayan ƙato. Ga yadda yake. Duk mai son shugabancin ƙasa sai ya koma mazaɓarsa ya fara daga can. 'Yan jam'iyya su yi layi a bayansa ko a bayan hotonsa, a ƙirga su a bainar jama'a. Wanda ya ci ya wuce matakin ƙaramar hukuma, ya kara da waɗanda suka fito daga sauran mazaɓu. Daga nan sai matakin jiha. Kowace jiha daga cikin 30, haɗe da Abuja, ɗan takara ɗaya tak za ta fitar a kowace jam'iyya. Waɗannan su ne, bayan tantancewa, za su je babban taron ƙasa inda daliget za su zaɓi mutum guda. An yi matakan daga Fabrairu zuwa Maris na 1993. Tsarin bai san babba ba: Janar Yakubu Gowon, tsohon shugaban ƙasa, ya shiga a NRC amma ya faɗi tun a matakan farko a Zariya, Dakta Ɗalhatu Tafida ne ya fito daga Jihar Kaduna.

Amfanin tsarin a fili yake, ba a cusa ƙuri'a a layi, kowa ya ga adadin da idonsa. Amma yana da illa biyu. Ta farko, babu sirri. Ɗan haya yana ganin mai gidansa, yaron shago yana ganin ubangidansa, wanda ya karɓi kuɗi kuma ba shi da halin ya saɓa. Ta biyu ita ce ta fi shafar tambayarka. Tsarin yana fitar da zakaran kowace jiha, mutumin da aka sani a gida amma wataƙila ba a san shi a jiha ta uku ba. Tsakanin zaɓen jiha da babban taro makonni kaɗan ne. A cikinsu sai ɗan takara ya isa ga dubban daliget, ya ga gwamnoni, ya ɗauki nauyin mota da masauki da abinci. Wa zai iya wannan cikin gaggawa? Sai mai kuɗi a hannu wanda kuma ya riga ya san masu riƙe da jam'iyya a jihohi. A ganinmu wannan ne ya sa jam'iyyun biyu duk suka ƙare da 'yan kasuwa. A ƙarshen Maris, a Jos, Abiola ya doke Babagana Kingibe da Atiku Abubakar da ƙyar bayan zagaye na biyu. A Fatakwal kuwa Tofa ya yi nasara a kan irin su Joe Nwodo da Pere Ajuwa da Tafida ba tare da wahala mai yawa ba.

Akwai kuma lissafin da NRC ta gada daga NPN: ɗan takara daga Arewa, mataimaki daga Gabas. Tunda an cire manyan 'yan Arewa, daliget suka nemi ɗan Arewan da ya rage mai ƙarfi, daga jiha mai yawan jama'a. Tofa ya ɗauki Dakta Sylvester Ugoh daga Imo, masanin tattalin arziki wanda ya yi minista a zamanin Shagari, ya kuma taɓa riƙe babban bankin Biyafara lokacin yaƙi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne a ce Bakano ya faɗi a Kano, alhali gwamnan jihar ɗan jam'iyyarsa ne. Gaskiya ne? Daga wani ɗan kasuwa a Kwari.

Gaskiya ne, Alhaji. Alƙaluman da aka fi yaɗawa sun ba Abiola ƙuri'a 169,619 a Kano, Tofa 154,809. Ratar 14,810 ce. Kuma gwamna a lokacin, Kabiru Gaya, ɗan NRC ne.

Sai ka fara da tarihi. Kano ba ta taɓa zama gidan jam'iyyar Tofa ba. A 1979 Shagari bai samu ko kashi ɗaya cikin huɗu a Kano ba, kashi 19.94 ya samu. Kano ce ma ta jawo shahararriyar shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku: Shagari ya samu rubu'i a jihohi 12 daga cikin 19, lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu bisa uku na 19 ba 13 ba ne, 12 ne da biyu bisa uku, don haka a Kano rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'u kawai ake bukata, Kotun Ƙoli kuma ta yarda. PRP ce ta ci gwamna a 1979 da Abubakar Rimi, ta sake ci a 1983 da Sabo Bakin Zuwo. Nasarar NRC a zaɓen gwamna na Disambar 1991 ba don Kanawa sun sauya ra'ayi ba ne. SDP ce ta dare gida biyu kan wanda za ta tsayar, ɓangaren da ya fusata ya juya mata baya. Haka ma aka yi a Legas, inda Michael Otedola na NRC ya ci saboda rikicin SDP. Da aka zo zaɓen shugaban ƙasa babu wannan rigimar ta gida, sai ƙuri'un suka koma inda suka saba. Rimi yana SDP, Sule Lamiɗo shi ne sakatarenta na ƙasa, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma mataimakin kakakin majalisar wakilai ne a ƙarƙashinta. Waɗannan mutane ne masu yara a kowace rumfa.

Na biyu, duba jimillar. Ƙuri'a dubu 324 kacal aka kaɗa a Kano, alhali Legas ta haura miliyan ɗaya, Ondo ma haka. A ƙasa baki ɗaya mutum miliyan 14 da ɗoriya ne suka fito daga cikin kusan miliyan 39 masu rajista. An yi ta ɗage ranar miƙa mulki har mutane suka daina gaskata shirin, ga kuma umarnin kotu da ya fito kwana biyu kafin zaɓe yana cewa a dakata. Yadda aka yi zaɓen ma yana bukatar haƙuri: da safe a tantance ka, ka jira a gama tantance kowa, sannan a ba ka takarda ka dangwala a keɓe, ka jefa a akwati a gaban jama'a, a ƙirga nan take. Mutum ba zai bar shagonsa rabin yini ba sai in akwai wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce taso. Wannan aikin shugaban mazaɓa ne da ejan da shugabar mata, ba aikin fasta da tallan rediyo ba. Manyan NRC da aka haramta wa takara su ne masu irin waɗannan mutane, kuma wanda aka cire daga fili da ƙarfi ba a sa ran ya zage damtse kamar takararsa ce.

Na uku, Abiola ba baƙo ba ne a Arewa. Ya yi shekaru yana ba da gudummawa ga masallatai da makarantu da gidauniyoyin jihohi, yana cikin shugabannin majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci, ya kuma ɗauki Kingibe, Musulmi ɗan Borno, a matsayin mataimaki. Duk wanda zai ce a zaɓi Tofa don addini, an riga an toshe masa baki.

Amma kada faɗuwar Kano ta rufe maka sauran taswirar, domin a nan mutane da yawa suke yi wa Tofa rashin adalci. Ya ci jihohi 11: Sakkwato, Kebbi, Katsina, Neja, Bauchi, Adamawa, Kogi, Abiya, Imo, Inugu da Ribas. A Sakkwato ya kusa kashi 80 cikin ɗari. Ƙuri'unsa mafi yawa daga Ribas suka fito, sama da dubu 640, wato tsohon ƙawancen Arewa da mutanen Neja Delta tun zamanin NPC bai mutu ba. Jimillar da aka fi ambato ita ce Abiola 8,341,309, Tofa 5,952,087, ratar kusan miliyan 2.4. To, a jihohin Yarabawa biyar kaɗai, Legas da Ogun da Ondo da Osun da Oyo, inda Abiola ya haura kashi 80 a kowacce, ratar da ya bayar ta kai miliyan biyu da rabi. Ka ga ke nan a sauran ƙasar kusan kunnen doki suka yi. Abiola ya kwashe gidansa kaf ya kuma raba gidan Tofa biyu, ya ɗauki Kano da Jigawa da Kaduna da Borno da Yobe. Ko da Tofa ya ci Kano da ƙaramar rata, da sakamakon bai sauya ba. Abin da zai sauya shi sai dai Arewa maso Yamma ta fito masa kamar yadda Kudu maso Yamma ta fito wa Abiola.

Shin Tofa yana da hannu a soke zaɓen? Kuma me ya sa bai taya Abiola murna ba? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Hajiya, gwamnatin soja ce ta soke zaɓen, kuma matakan da aka bi sanannu ne. Ranar 10 ga Yuni da dare, Mai Shari'a Bassey Ikpeme ta babbar kotun Abuja ta ba da umarnin a dakatar da zaɓe, bisa ƙarar ƙungiyar ABN ta Arthur Nzeribe, mai fafutukar soja su ci gaba da mulki. NEC ta yi gaban kanta ranar Asabar 12 ga wata, ta dogara da doka mai lamba 13 ta 1993 wadda ta hana kotu tsayar da zaɓen. Ta bayyana sakamakon jihohi 14, sai wani umarnin kotu daga Abuja ya ce a daina, ranar 16 ta dakata. Ranar 23 aka sanar da sokewa. Babangida ya sauka ranar 26 ga Agusta ya bar wa Ernest Shonekan riƙo, Abaca kuma ya kawar da riƙon ranar 17 ga Nuwamba. Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Yunin 1994, aka kama shi, ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli, 1998.

NRC ta yi ƙorafi, ciki har da cewa Abiola ya je rumfar zaɓe sanye da riga mai hoton doki, alamar jam'iyyarsa, abin da dokar zaɓe ta hana. Shugabanninta sun karɓi batun sake sabon zaɓe, daga baya kuma su da shugabannin SDP ɗin kanta suka amince da gwamnatin riƙo. Matsayin Tofa shi ne tunda hukumar zaɓe ba ta kammala ta ayyana kowa ba, babu wanda za a ce ya ci. A kan haka ya tsaya, har lokacin da Shugaba Buhari ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya a 2018 ya kuma ba Abiola lambar GCFR, Tofa ya fito ya nuna bai gamsu ba.

Ta fuskar doka zalla maganarsa tana da madogara, domin shugaban NEC ne kaɗai yake da ikon ayyana wanda ya ci. Amma mu a ganinmu kuskure ne, kuma shi ne mafi girma a siyasarsa. An ƙirga ƙuri'u a kowace rumfa a gaban ejan ɗin jam'iyyun biyu, kowace jam'iyya tana da kwafinta. Doka ta nemi rinjaye da kuma kashi ɗaya cikin uku a jihohi 20, Abiola kuwa ya samu wannan a jihohi 28, Sakkwato da Kebbi kaɗai ya rasa. In akwai ƙorafi, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana nan. Da ɗan takarar NRC ya fito a makon nan ya ce a ƙarasa sanarwa, shi zai tafi kotu, da ya yi wuya a juya rikicin ya koma na Kudu da Arewa, abin da ya jawo dubban mutane suka kwashe iyalansu suka koma garuruwansu saboda tsoro. Nwosu ya tabbatar a 2008 cewa Abiola ne ya ci, Babangida ma ya amsa haka a littafin tarihinsa da ya ƙaddamar a Abuja a Fabrairun 2025, ko da yake alƙalumansu sun ɗan saɓa da waɗanda muka kawo.

Ina da kamfanin sufuri, jama'a suna matsa min in fito takara. Me doka ta ce game da kasuwancina, kuma ina 'yan kasuwa suke yin tuntuɓe? Daga Kaduna.

Alhaji, fara da doka. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar, ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci, in ban da noma. Ba a ce ka sayar da hannun jarinka ba, amma dole ka sauka daga manajan darakta, ka cire hannunka daga asusun kamfani, a kuma sabunta takardu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Za ka bayyana kadarorinka ga hukumar ɗa'ar ma'aikata lokacin kama aiki da lokacin sauka, har da na iyalinka da 'ya'yan da ba su kai 18 ba. Asusun banki a ƙasar waje haramun ne ga masu muƙaman da aka lissafa, ciki har da 'yan majalisa, wannan kuwa yakan kama masu shigo da kaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa, saboda haka kada ka biya kuɗin kamfe daga asusun kamfani. Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa iyakar kashewa: naira biliyan 5 ga shugaban ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai, miliyan 30 ga na jiha. Ana yi wa waɗannan adadi gyara, sai lauyanka ya duba maka wanda yake aiki a shekarar takararka.

Tuntuɓe na farko shi ne cin jarin juyawa. Kamfe ba ya dawo da kuɗi, kuma ba ya ƙarewa ranar da ka zata: akwai fom, akwai fid da gwani, akwai babban zaɓe, akwai ejan na kowace rumfa, sannan shari'a wadda za ta iya kai wa Kotun Ƙoli. Mai motoci da ya taɓa kuɗin gyara da na mai, kafin a rantsar da kowa rabin motocinsa suna kan dutse. Ware adadin da za ka iya rasawa gaba ɗaya, in ya ƙare ka tsaya.

Na biyu shi ne ɗaukar daliget a matsayin jama'a. Daliget 'yan ɗaruruwa ne ko dubbai, ana iya ganinsu ɗaya bayan ɗaya, ɗan kasuwa kuma ya iya ciniki. Masu zaɓe ba haka suke ba. Labarin Fatakwal da na Kano da muka kawo a sama misali ne: wata uku bai cika ba tsakanin samun tikiti cikin sauƙi da faɗuwa a gida. Kafin ka sayi fom, zauna da rajistar mazaɓarka, ka rubuta sunan mutum ɗaya a kowace rumfa wanda zai tsaya maka tun safe har a sa hannu a takardar sakamako ko ba ka aiko da ko kwabo ba. In rumfunan da ka cike ba su kai rabi ba, takarar ba ta nuna ba tukuna.

Na uku, a kamfani kai ne mai sallama. A jam'iyya ba ka iya korar shugaban mazaɓa, kuma wanda ka yi wa tsawa yau shi ne zai riƙe akwatinka gobe.

Bayan 1993 ya bar siyasa ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Bai bari ba, Malam, sai dai bai sake kaiwa inda ya kai ba. A jamhuriya ta huɗu yana cikin dattawan ANPP, ya kuma nemi tikitinta na shugaban ƙasa a Janairun 2011, Malam Ibrahim Shekarau ya samu. Tun shekarun 1980 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar yaɗa addinin Musulunci a Kano wadda ta riƙa buga jaridun The Pen da Alƙalami. Ya kuma rubuta littattafai da dama da Hausa, har da na kimiyyar sararin samaniya, fannin da marubutanmu ba su cika taɓawa ba, kuma wannan aiki ya cancanci a riƙa tuna shi da shi.

A shekarunsa na ƙarshe an fi jin muryarsa a matsayin jagoran dattawan Kano. Da gwamnatin Ganduje ta yi dokar raba masarautar Kano a 2019, ta ƙirƙiro Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Tofa ne a gaban dattawan da suka ƙi, har suka je kotu. Nan ra'ayinsa na riƙau ya fito sarai: masarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru a dunƙule ba abin da majalisa za ta yanka cikin 'yan kwanaki ba ce. Ya kuma soki shirin ciwo bashi daga Sin don gina jirgin ƙasa na cikin birni. Ya rasu ranar 3 ga Janairu, 2022, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 74, shekara biyu da 'yan watanni kafin majalisar jihar ta soke dokar masarautun a Mayun 2024. Allah ya jiƙansa da rahama.